Kwalbar da Kawu Ya Kawo Daga Teku

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Kawu, yayan mahaifiyata, ta zo a farkon daminar bana. Ya yi sallar asuba a zaune, ya ce wa matarsa, wadda muke kira Iya, ta dama masa kunu. Kafin ruwan ya tafasa ya riga ya tafi.

Mun yi zaman makoki a ƙofar gidansa da ke Gangaren Tudu, muna janye tabarmi zuwa zaure duk sa'ad da hadari ya taso. Kowa ya zo da abin da ya sani game da shi. Limamin unguwa ya ce, "Mutum ne mai riƙon amana. Taurin kai kuwa, sai dai Allah ya yafe masa." Mai shagon siminti na bakin titi, mutumin Kudu da ya tsufa a Keffi, ya cire hula ya tsaya a gefe yana cewa da Turancin kasuwa, "Baba Nebi don go, Baban sojan ruwa ya tafi. Yanzu wa zai gaya mini ruwa na zuwa in rufe kaya?" A cikin gida kuma wata tsohuwa maƙwabciya ta ce, ba da mugunta ba, "To, kunnuwanmu sun huta da labarin jirgi." Tana rufe baki ta fashe da kuka.

Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka ba. Da na kai mata labari tana tsince wake, sai ta ajiye faifan.

"Ya tafi bai sauke kayan ba," in ji ta.

Na san kayan da take nufi. Duk danginmu an sani. Kwalba ce ta ruwan teku, an toshe bakinta da kakin zuma, tana zaune a kan katakon da ke saman gadonsa fiye da shekara talatin. Ba tasa ba ce. Ta wata mata ce a Garaku, ita kuwa ta ƙi karɓa.

Ni birkila ne. Da furfura a gemu na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka rubutuna kamar jera bulo yake tafiya, ɗaya bayan ɗaya, da hutu a tsakani. Amma waɗanda suka saurari Kawu suna ƙarewa, mu da muka rage mun fara mantuwa. Shi ya sa na zauna in rubuta.

Kawu kuku ne a jirgin sojan ruwa, irin wanda ke ɗaukar sojojin ƙasa da motocinsu ya kai su inda za su. Yakan yi wa kansa dariya a kan haka. Ya ce mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce rafin Antau ba, shi ne ya bi motar doya zuwa Legas, ya tarar ana ɗaukar ma'aikata, aka tambaye shi ko ya iya iyo ya ce a'a, aka tambaye shi ko ya iya girki ya ce ya iya dafa doya. "Suka ce shige. Iyo dai har na bar aiki ban iya ba. Na ce musu in jirgi ya nitse ai ba za a nemi abinci ba."

Bai cika kiran jirgin da sunansa na hukuma ba. Raƙumi yake ce masa. Dalili kuwa, jirgin ba ya bukatar a gina masa wurin tsayawa. Yana zuwa bakin gaɓa sai ya ɗora ƙirjinsa a kan yashi, kamar raƙumin da aka durƙusar, ƙofar gabansa ta buɗe biyu, wani faffaɗan ƙarfe ya sauko ya zama gada. Ta nan motoci da mutane ke shiga, ta nan suke fita. Cikinsa fili ne, in ji Kawu, da za a iya cin kasuwa a ciki.

In ya fara labarin Raƙumi, kamar na mutum yake bayarwa, daga haihuwa zuwa mutuwa, kuma ba ya yarda a tsallake masa. A ƙasar Turawa aka ƙera shi. Ya iso Legas sabo fil, yana ƙamshin fenti, Kawu na cikin waɗanda suka fara hura masa wuta a madafa. Shekarunsa na ƙuruciya na lumana ne. Ya kai sojoji atisaye ya dawo da su. Ya kai motoci da buhunan abinci garuruwan bakin ruwa da hanya ba ta zuwa. In an yi biki a wanke shi a rataya masa tutoci. "Lokacin muna ganin kamar aikin soja shi ne goge tagulla," in ji shi.

Sai yaƙin Laberiya ya zo, aka ce za a kai sojojinmu su shiga tsakani. Daga nan muryar Kawu kan sauka. Ya ce tafiya daban, dawowa daban. A tafiya samari ne cike da jirgi, suna waƙa, suna zagin shinkafarsa, suna neman ƙari. A dawowa kuwa masu rauni ne a kwance a jere, da mata da yara masu gudun yaƙi, waɗanda ba su san wani yare da yake ji ba, sai dai su miƙa masa gwangwani. Raƙumi ya yi ta wannan zirga-zirga har Kawu ya daina lissafi. Yana da wata magana da yakan faɗa in ya ga yaro yana cin abinci da zari: "Ci, ɗana. Mai tafiya ya fi mai dawowa ci."

Bayan yaƙi injin ya gaji. Aka ɗaure Raƙumi a tashar jiragen ruwa ana jiran kayan gyara. Kayan ba su zo ba. Aka fara cire masa wannan a sa wa wani jirgin, a cire wancan. Tsatsa ta ci gefensa, tsuntsaye suka yi sheƙa a ɗakin kyaftin. Kawu ya ci gaba da dafa wa 'yan gadin da aka bari, a tukunya ƙarama, har ranar da ya yi ritaya ya dawo Keffi. Daga baya wani tsohon abokin aikinsa ya gaya masa an sayar da jirgin ga masu sayen tsohon ƙarfe, an yayyanka shi.

Tun daga ranar, in ya zo wurin aikina ya tarar an sauke rodi, sai ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa guda ɗaya, ya kai kunne.

"Kawu, me kake nema?"

"Ai narkar da shi suka yi, birkila. Wa ya sani ko wannan haƙarƙarinsa ne? Ka ɗaure shi da kyau. Ya saba ɗaukar mutane."

Jirgin bai fita daga jikinsa ba har ya mutu. Ba ya cika kofi har baki. Kafin ya ajiye kwano sai ya shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashi, wai kada ya zame, a ɗakin da ko kaza ba ta motsa shi ba. Kowane ludayi da ƙusarsa a bango. Yana tafiya ƙafafu a buɗe, kamar ƙasar Keffi za ta karkata da shi. Da ɗan ƙaramin bokiti yake wanka, in ya ga an bar famfo yana zuba sai ya yi faɗa kamar an zagi uwarsa. Girki kuwa, bai iya na mutum biyu ba. Rigimarsa da Iya kenan ta shekara da shekaru.

"Fita mini daga madafa, Malam," takan ce. "Mu biyu ne a gidan nan, ba bataliya ba."

"Wani zai zo."

"Wa zai zo?"

"In ya zo kya gan shi."

Kuma wani yakan zo ɗin. Ɗalibai da abinci ya yanke musu, leburorina, masu jiran mota. Duk gidan da aka yi rasuwa ko biki a unguwar, na Musulmi ko na Kirista, za ka ga Kawu a bayan gida da katuwar tukunya, ya ɗaura tawul a wuya, yana ba matan unguwa umarni suna yi masa tsiya. Bai taɓa karɓar komai ba sai goro.

Labarin kwalbar kuwa a tafiyarsu ta farko zuwa yaƙi ya soma. Jirgi ya bar Legas, ruwa ya fara wasa da shi, sojojin ƙasa suka kwanta da jiri da amai. Kawu na wucewa da bokiti sai ya ji wani yana nishi yana cewa, "Wayyo, da ina Garaku da yanzu ina cin doya da manja." Ya tsaya.

"Wa ya ce Garaku?"

"Ni ne. Kai wa?"

"Keffi. Gangaren Tudu."

"Ɗan Keffi! Me ya kawo mu nan, don Allah? Gonarmu ta yi mana me?"

Kofur ne, Kirista, saurayi mai yawan barkwanci, ya bar mata da jariri a gida. Kawu ya ba shi citta ya tauna, da busasshen garin kwaki, ya ce ya riƙa kallon inda sama ta haɗu da ruwa. Kafin su isa, Kofur ya zama ɗan madafa. Yana feraye albasa yana ba da labarin gonar doyar ubansa, suna gardama a kan kasuwar wa ta fi. Da ƙofar jirgi ta buɗe a can, ya juyo ya ce, "Ɗan Keffi, ka ajiye mini ƙanzo."

Bayan wasu watanni aka shigo da shi ta wannan ƙofar a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, da rauni a ciki. A wannan dawowar ce injin ya tsaya a tsakiyar ruwa. Jirgi cike da mutane, rana tana dukan ƙarfe, ɗakin sanyi ya daina aiki. Kawu yana kai masa ruwan shinkafa a cokali. Kofur ya kama masa hannu.

"Ɗan Keffi, ko a buhu ne, ka kai ni gida."

"Zan kai ka."

Kawu ya ce bai yi tunani ba ya amsa. Me za ka ce wa mutum a wannan hali?

Kofur ya cika kafin a tashi injin. Ba a san ranar da za a ga ƙasa ba, ga zafi, ga yara a jirgi. Kyaftin ya ce a yi masa sutura irin ta masu aikin ruwa. Kawu ya je ya roƙa, aka ce masa babu hali, shi ma kuma ya san babu. Aka naɗe Kofur a tamfol, aka ɗaura ƙarfe ta wajen ƙafa, wani soja ya karanta addu'a daga littafinsu, aka sake shi. Kawu ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yadda ruwan ya koma ya haɗe nan take. "Ƙasa tana barin tudu. Ruwa ko alama."

Sai ya ruga madafa, ya ɗauko guga da igiya, ya jefa daidai wurin, ya ɗebo. Ya wanke kwalbar man gyaɗa ya cika ta. Abin da ya iya kawowa gida kenan.

Da ya sami hutu ya nufi Garaku. Labari ya riga shi isa. Matar Kofur, wadda mu yanzu muke kira Mama, ta fito da yaro a baya, ta saurare shi har ya gama. Ya miƙa mata kwalbar da hannu biyu.

"Mutum na ba ku," in ji ta. "Ruwa za ku ba ni?"

Ta juya ta shige. Dangin mijin sun so a haƙa kabari a sa kayansa, a yi abin da ake yi. Ta ce ba za a haƙa wa wanda ba ta gani ba.

Kawu ya dawo da kwalbar. Shekara ta zagayo, gab da Kirsimeti, ya sake komawa da ita, da doya a buhu. Ta karɓi doya, ta bar kwalba. Haka ya zama al'ada. In yana bakin aiki bai samu zuwa ba, ranar da ya sami hutu can zai fara. Da ya yi ritaya kuwa, ba fashi.

An yi masa magana. Wani malami ya ce ajiye ruwa saboda matacce ba shi da asali. Kawu ya ce, "Allah gafarta malam, ba roƙonta nake ba, ba shafawa nake ba. Saƙo ne. In an ba ka saƙo mai shi bai karɓa ba, zubarwa kake?" Babban ɗansa, taubashina, wanda ke aiki a Abuja, ya taɓa cewa, "Baba, ka ajiye mata a ƙofar ɗaki ka taho mana." Kawu ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarsa. Da ya huce ya ce, "Ajiyewa daban, kaiwa daban. Cewa na yi zan kai shi."

Da ƙafa ta fara ba shi wahala, ni nake ɗaukarsa a babur. Yana baya, kwalbar na cikin tsohuwar safa, a cikin aljihun riga, hannunsa ɗaya a kanta. Duk ramin da na faɗa sai ya ce, "A hankali, kana ɗauke da mutum biyu."

Abin da na gani a Garaku ba irin abin da nake zato ba ne. Mama, ta tsufa ita ma, tana jin ƙarar babur za ta fito tana share hannu a zane.

"Kuku, ba ka mutu ba?"

"Ina jira ki riga ni, matar Kofur."

"Za ka daɗe kana jira. Ka zauna, ƙafarka tana rawa."

Ta kawo masa ruwa, ta sa a kama kaza, ta kira ni in yanka don ya ci. Ya fito da kwalbar ya ajiye a kan benci tsakaninsu. Ba ta kallonta. Sai ta ce, "To, yaya aka yi da albasan nan?" Shi kuma ya fara, tun daga jiri da amai. Yadda Kofur ke feraye albasa yana hawaye yana cewa yaƙin ma bai sa shi kuka haka ba. Yadda ya ce doyar Keffi ruwa ce. Ta san kowace kalma. In ya tsallake wani wuri sai ta ce, "A'a, ka bar wurin ƙanzo." Ɗanta, wanda aka bari a goye, yanzu malamin makaranta ne, yakan tsaya a bakin ƙofa yana ji. In Kawu ya zo wurin da injin ya tsaya, sai ta miƙe ta ce bari ta duba wuta. In za mu tafi ya tura kwalbar gabanta kaɗan.

"Bana fa?"

"Ka gaida Iya," in ji ta.

Ya mayar cikin safa. A hanya ba ya magana. Sau ɗaya kawai, a zuwanmu na ƙarshe, na ji ya ce a bayana, "Na gaji, birkila. Wallahi na gaji."

Da ciwo ya kwantar da shi ya kira ni, ya nuna katakon da ido. "In ban kai Kirsimeti ba, kai ne. Kada ka ajiye a ƙofa. A hannu." Na ce to, ni ma ban yi tunani ba.

Ranar da ya rasu, gida ya cika kafin hantsi. Aka yanko likkafani, aka ɗinka, aka shigo da shi ɗakinsa kafin a miƙa wa masu wanka. Akwai wata Goggonmu da ta zo daga Nasarawa, 'yar ƙanen kakanmu, mace mai son a yi komai daidai, wadda rabonta da gidan tun ina yaro. Ta ɗaga kai ta ga kwalba a saman gado, an toshe ta da kaki, an ajiye ta wuri mai tsabta kusa da carbi. Wace kwalba dattijo ke ajiyewa haka in ba zamzam ba? Ta ce a ranta bawan Allah ya tanadar wa kansa. Ta sauko da ita, ta fasa kakin da ƙarshen cokali, ta yi bisimilla, ta fara yayyafa wa likkafanin.

Iya ce ta shigo ta gani. Ihun da ta yi ya fi na lokacin da ya cika.

Na shiga da gudu. Goggo na tsaye da kwalba a hannu, ta rasa laifinta. Ruwan ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Da aka gaya mata ta zauna a ƙasa tana salati. Ta ce a wanke likkafanin, a sayo wani. Aka tambayi liman, ya ce ruwan teku mai tsarki ne, kada a jinkirta gawa saboda shi. Haka aka sa Kawu a ciki, da damshin ruwan a ƙyallen. Muka kai shi kafin azahar.

Na toshe kwalbar da tsumma da leda na kai gidana. Kwana biyu ina kallonta. Abin da mutum ya tsare shekara talatin ko ɗigo bai zuba ba, mun zubar a safiya ɗaya. Da cikakkiya ma ta ƙi karɓa daga hannun wanda ya ɗebo. Ni da wane baki zan kai mata ragowa? Matata ta ce, "Ka ƙara ruwan rijiya mana, da ɗan gishiri, wa zai sani?" Na ce Kawu zai sani.

Ban kai ga zuwa Garaku ba. Ranar sadakar uku, ana raba waina, sai ga Mama ta sauko daga babur, ɗanta na riƙe da ita. Ba ta taɓa taka gidan ba sai ranar. Ta shiga wurin Iya, wadda ke zaune a kan tabarmar takaba a ɗakin Kawu, suka riƙe hannu. Sai Mama ta ɗaga kai ta dubi katakon saman gado, inda Kawu ya gaya mata kwalbar ke zama.

"Ina take?"

Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Na je gida na ɗauko, na durƙusa a gabanta, na gaya mata yadda aka yi, ban rage ba. Na miƙa da hannu biyu, kamar yadda na ga yana yi.

Ta dubi inda ruwan ya tsaya. Ta dubi Goggo.

"Ke kika zuba?"

"Ni ce, 'yar'uwa. Ban sani ba. Ki yafe mini."

"A jikinsa?"

"A likkafaninsa."

"Aka binne shi da shi?"

Na ce e.

Sai ta yi wata 'yar dariya, gajeriya, irin ta wanda ya yi tafiya mai nisa ya sami wurin zama. "Kuku ke nan. Ko a nan sai da ya ɗebi rabonsa." Ta miƙo hannu ta karɓa.

Ta cire ledar, ta jiƙa yatsa, ta kai harshe. Ta yamutsa fuska. "Ashe da gaske yake. Gishiri ne." Daga nan hawaye suka zo mata.

Iya ta ce a hankali, "Me ya sa ba ki karɓa yana da rai ba? Ya gaji, kin sani."

"Na sani," in ji Mama. "Da farko fushi ne. Fushin ya ƙare tun yaron nan bai shiga makaranta ba. Amma duk duniya mutum ɗaya ne ya rage da ya ga mijina yana dariya a ƙarshe. In na karɓa, ya sauke kaya, me zai sake kawo shi Garaku? Kowace shekara ina cewa baɗi." Ta share ido da bakin zane. "Na riƙe shi da yawa. Allah ya yafe mini."

Sai Iya ta ce a kawo wa baƙuwa waina.

Da za su tafi Mama ta ce mini, "Kai ne birkila? Ka zo da kayan aikinka."

Na je bayan sadakar bakwai. A bayan ɗakinta, kusa da bishiyar mangwaro, ta nuna mini wuri. Na haƙa rami, ba mai zurfi ba. Faston cocinsu ya zo, da dangin mijin waɗanda suka rage, tsofaffi uku ko huɗu, suka yi waƙa da addu'a, ni ina gefe da shebur. Ta durƙusa da kanta ta juye kwalbar. Ƙasar ta jiƙe, ta shanye, amma wurin ya yi duhu, ana gani. Ta sa kwalbar a ciki. Na mayar da ƙasa, na jera bulo, na shafe da siminti.

Ɗanta ya kawo ƙusa zai rubuta sunan ubansa kafin simintin ya bushe. Ta ce a'a, a ba ni. "Gidansu ne suka kawo shi. Su ƙarasa." Ya riƙa faɗa mini harufa ɗaya bayan ɗaya, ina ja a hankali. Layin ya ɗan karkace. Ta ce a bar shi haka.

Na tsaya a maƙabarta a hanyar dawowa. Ruwan sama ya riga ya kwantar da tudun kabarin, ciyawa ta fara tsirowa. Na tsuguna ta wajen kansa, na yi masa addu'a, sa'an nan na ce, "Kawu, an kai shi. A hannu."

Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci, ya sa ya huta. Ya sanyaya zuciyar Iya da ta Mama. Waɗanda Raƙumi ya kai bai dawo da su ba, waɗanda ruwa ya rufe babu alama, Allah ya san inda kowannensu yake. Mu kuma da muke tafe, ya sa mu sauke kayan da muka ɗauka kafin a kira mu.